Jakar Kayan Ko-ta-kwana: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas Ina Yawo da Ita a Kano

Na sayi jakar nan ne a ƙarshen watan Agustan 2024, makonni kaɗan bayan dokar hana fita ta awa 24 da gwamnatin jihar Kano ta kafa a farkon watan, lokacin da yawancinmu muka gane cewa a gidajenmu babu ko bandeji ɗaya da za a ɗaure wa yaro idan ya yanke. Wani matashi ne yake sayar da ita a ɗan shagonsa na kayan waya, yana kuma tallata ta a WhatsApp da sunan kayan kare kai da na gaggawa. Ƙaramar jaka ce ta baƙin yadi mai kauri, girmanta bai wuce na littafin aljihu ba, ana iya rataya ta a bel ko a jefa ta cikin jakar aiki. A cikinta akwai tocila, da fawa bank, da usur, da filaya mai naɗewa wadda ta haɗa sukudireba da almakashi, da biro na ƙarfe mai tsini, da wuƙa mai naɗewa, da ɗamarar tsayar da jini, da 'yan kayan ɗaure rauni. Da zan biya kuɗi sai ya ce da ni, "Alhaji, idan kana riƙe da wannan, babu ɗan daban da zai tare ka." Ban musa masa ba a ranar, amma yanzu da na yi wata takwas ina amfani da kayan ina da abin faɗa a kan wannan magana tasa.

Tocilar ita ce abin da ya fi yi mini amfani, kuma ba ta hanyar da aka tallata ta ba. A tallan an nuna mutum yana haske idon ɗan fashi da ita har ya kasa gani. Ni amfanin da na samu shi ne na daina fito da wayata a cikin duhu. Duk wanda yake dawowa gida bayan sallar isha ta lungunan cikin gari ya san cewa idan an ɗauke wuta hannu kan tafi aljihu ne kai tsaye, a kunna fitilar waya a riƙe ta a gaba, wato mutum ya ɗaga abin da ɓarayi suke nema ya kuma haska musu shi da kansa. Da tocila a hannu, waya tana can cikin aljihun ciki, kuma haskenta yana kai wa ƙarshen lungu, ta yadda mutum zai hango taron da bai yarda da shi ba tun daga nesa ya sauya hanya. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Kano da yawancin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, wannan tocila ce muka yi ta amfani da ita a gida, daga banɗaki zuwa kicin, har zuwa rakiyar baƙo bakin titi.

Sai dai tana da aibi guda biyu. Na farko, maɓallinta ɗaya ne, kuma sai ka bi ta haske iri biyar kafin ka kashe ta, ciki har da mai walƙiya da ke damun ido, alhali mai gaggawa kunnawa da kashewa kawai yake buƙata. Na biyu shi ne batirin da ta zo da shi, irin mai lamba 18650, wanda aka rubuta wa 9,900 mAh a jiki, wato ma'aunin yawan cajin da batir yake iya ɗauka. Batir na gaskiya mai wannan girma ba ya wuce wajen 3,500, don haka duk wanda ka ga an rubuta masa abin da ya ninka wannan, to rubutun ƙarya ne. Nawa bai cika awa guda yana haske mai ƙarfi ba. Wani mai gyaran kwamfuta ne ya ciro mini irinsa daga cikin tsohon batirin laftof, ya gwada shi a gabana, kuma tun daga ranar tocilar ta zama abin dogaro.

Fawa bank ɗin ya cika alkawarinsa daidai gwargwado. An rubuta masa 10,000 mAh, yana kuma cika wayata mai batir 5,000 sau ɗaya da 'yan kai, wanda shi ne abin da ya kamata a sa rai, domin wajen kashi ɗaya cikin uku yakan salwanta wajen sauya ƙarfin wutar da kuma zafin da take yi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne zafin Kano: a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, bai kamata a bar shi ko batirin tocila a cikin motar da aka kulle a rana ba, domin irin waɗannan batura suna kumbura, wani lokaci ma su kama da wuta. Usur ɗin kuwa ƙarami ne, ƙararsa tana da kaifi, kuma a unguwar da 'yan sintiri suke kwana a bakin layi, busa ɗaya takan fito da mutane da sauri fiye da ihu. Filayar ta gyara mini soket da hannun ƙofa, ba ta yi tsatsa ba duk da ta sha ragowar damina, amma almakashinta ba ya yanka yadi mai kauri.

Biron ƙarfen na kai shi Ƙofar Ruwa, wajen wani abokina mai sayar da kayan tsofaffin motoci, muka gwada shi a jikin wata mota da aka riga aka yi watsi da ita. Bugu ɗaya a kusurwar gilashin gefe ya tarwatsa shi ya zube kamar tsakuwa, amma gilashin gaba ko a jikinsa, sai ɗan tabo, saboda shi falle biyu ne da aka manne da roba a tsakani. Wannan ilimi ne mai amfani ga duk mai bin hanyar Zariya ko ta Wudil, inda ƙofar mota takan maƙale bayan hatsari. A matsayin abin fasa gilashi na yarda da shi. A matsayin makamin da za a tunkari mai riƙe da wuƙa da shi, ban yarda ba ko kaɗan.

Wannan ya kawo ni kan wuƙar, wadda ita ce aka fi yi wa ado a tallan, kuma ita ce na cire daga jakar tun a makon farko. Ƙwacen waya a Kano ba wasa ba ne, an rasa rayuka a kansa, har ta kai a shekarar 2023 majalisar tsaro ta jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Masu yinsa ba su cika zuwa su kaɗai ba, sukan zo su uku ko huɗu, a ƙafa ko a cikin adaidaita sahu, makamansu a zare tun kafin ka ankara da su. Mutumin da bai taɓa faɗa da makami ba, idan ya tsaya laluben wuƙa mai naɗewa a cikin jaka mai zif, abin da ya yi kawai shi ne ya mayar da asarar waya ta zama asarar jini, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ga kuma ɗaya gefen: a garin da 'yan sanda suke kamen 'yan daba ta hanyar lalube aljihu, matashin da aka samu da wuƙa mai kulle kanta da daddare zai sha wahalar bayani a caji ofis, ko da kuwa bai taɓa cutar da kowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai ganin cewa yawancin masu sayen jakar nan samari ne, kuma an sayar musu da ita tare da alkawarin da zai iya sa su tsaya a inda ya kamata su miƙa waya su tsira da ransu.

Ɗamarar tsayar da jini ita ce ta fi ba ni tsoro. An yi ta ne a kan fasalin wadda sojojin Amurka suke amfani da ita, mai suna CAT, wadda ake ɗaurawa a hannu ko ƙafa a murɗa sandarta har jini ya tsaya. Na nuna wa yayana, wanda ya daɗe yana aikin jinya, ya ɗaura ta a ƙafar kujera ya fara murɗawa, kafin ya kai murɗi na huɗu sandar ta lanƙwashe ta yi fari a tsakiya. Ya dube ni ya ce, "Wannan jabu ce, kada ka kuskura ka dogara da ita a kan ran mutum." Na ce, "Yaya, to me zan yi idan abin ya faru a gabana?" Sai ya koya mini abin da ya fi kayan duka daraja: a danna rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai, ɗamara kuwa sai jinin hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaura ta kamar faɗin yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a rubuta lokacin da aka ɗaura, kuma kada a sassauta ta sai an isa asibiti.

Ranar da na buƙaci wannan darasi ta zo a cikin hunturu. Bayan magariba ne, a kusa da wani shataletale, adaidaita sahu ta kife, wani yaro ɗan makaranta ya yanke a dantse, jini yana bin hannun rigarsa har yana ɗiga a kwalta. Jama'a suka taru ana ta salati, wani yana cewa a zuba masa fetur, wani yana cewa a barbaɗa ƙasa. Na ba wani dattijo tocilar na ce, "Baba, riƙe mini nan don Allah," na sa safar hannu, na danna raunin da auduga mai laushi da ke cikin jakar. Falle biyu ne kacal a ciki, nan da nan suka jiƙe, sai da wata baiwar Allah ta miƙo ɗankwali daga jakarta muka ƙara a kai muka naɗe da bandeji. Hannuna bai bar wurin ba har muka isa sashen gaggawa na Asibitin Murtala. A nan na gane cewa kayan ɗaure raunin da suka zo da jakar sun yi kaɗan ƙwarai, an cika wurinsu da abubuwan da suka fi kyau a hoto.

Saboda haka, idan aka tambaye ni ko a sayi jakar a dunƙule yadda take, zan ce a'a. Jakar kanta mai kyau ce, ɗinkinta bai saki ba, zif ɗinta bai maƙale ba duk da ƙurar hunturu, kuma mai shagon ya karɓi ƙorafina da mutunci, har ya ce zai daina haɗa ɗamarar a ciki. Amma kuɗin da aka caje ni saboda wuƙa da ɗamarar jabu ya isa ya sayi batir na gaskiya da bandeji da yawa a kemis. Tawa yanzu tana ɗauke da tocila, da fawa bank da igiyar caji, da usur, da filaya, da biron fasa gilashi, da bandeji huɗu, da auduga falle goma, da safar hannu, da 'yan kuɗi kaɗan na adaidaita, da wata takarda da na rubuta rukunin jinina da lambar gida da lambar gaggawa ta 112, domin idan waya ta tafi lambobin da ke cikinta sun tafi tare da ita. Na kuma ba da sunana a horon taimakon farko da 'yan agajin masallacinmu suke shiryawa bayan sallah, na rubuta sunan babban ɗana a ƙarƙashin nawa.