Sharhi: Sceaux, garin da ma'aikatan Paris ke komawa su kwana

A rubuce sunan garin Sceaux ne, amma a baki "So" kawai ake cewa, kamar so na ƙauna. Ka riƙe wannan tun yanzu, domin idan ka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya a gaban mai sayar da tikiti, ba zai gane inda ka dosa ba. Garin yana kudu da Paris, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar birni, a yankin Hauts-de-Seine, kuma mazaunansa wajen dubu 20 ne. Da sassafe suna gangarawa tasha su shiga birni aiki, da magariba su dawo, su rufe ƙofa, gari ya yi tsit. Wannan sharhi na wanda ya mai da shi masauki ne na kwana huɗu, yana shiga Paris yana dawowa. Hukuncina a kansa: wuri ne mai kyau ƙwarai ga mai son barci da iska da lambu, muddin ya yarda ya bi agogon mutanen garin. Wanda ya ƙi bin agogon nan zai kwana da yunwa, ko ya tsaya a tasha jirgin ƙarshe ya riga ya wuce.

Jirgin ƙasan da ke zuwa nan shi ne RER B, kuma a nan baƙo ya fi yin kuskure. Layin yana tasowa daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, ya ratsa Gare du Nord, Châtelet-Les Halles, Saint-Michel, Luxembourg, Denfert-Rochereau, har Bourg-la-Reine. A Bourg-la-Reine ne ya rabu biyu. Reshe ɗaya gajere ne, tashoshi uku kacal: Sceaux, Fontenay-aux-Roses, Robinson. Ɗayan kuma ya miƙe zuwa Antony, Massy-Palaiseau, har Saint-Rémy-lès-Chevreuse, kuma tashar farko a kansa sunanta Parc de Sceaux. To ka ga inda rikicin yake: tasha biyu masu kama da juna a suna, a kan reshe biyu daban. Wanda masaukinsa ke cikin gari, idan ya sauka a Parc de Sceaux, zai ja akwati ya zagaye lambu mai faɗin gaske kafin ya kai.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kowane jirgi yana da suna na haruffa huɗu a goshinsa da kuma a allon dandamali, kuma harafin farko shi ke faɗin inda zai ƙare. S na nufin Robinson, shi ne naka idan cikin gari za ka. K na Massy-Palaiseau ne, P na Saint-Rémy. Idan wanda ya zo ba mai S ba ne, kana iya shiga ka sauka a Bourg-la-Reine ka jira naka. Jiragen K da P ba duka ke tsayawa a ƙananan tashoshi ba, don haka mai zuwa Parc de Sceaux ya duba allo ya tabbata sunan tashar na cikin jerin. Daga Châtelet zuwa Sceaux minti 20 zuwa 25 ne, daga filin jirgi kuwa ka ware awa ɗaya da 'yan mintuna. Idan ba lokacin cunkoso ba, jirgin reshen Robinson na zuwa kamar kowane minti 15, saboda haka kuskure ɗaya yana cin rubu'in awa. Wani ƙaramin abu kuma: ƙofar jirgin ba koyaushe take buɗe kanta ba, sai ka danna maɓalli.

Batun tikiti ya yi sauƙi tun daga 1 ga Janairun 2025, lokacin da aka mai da kuɗin tafiya ɗaya a metiro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) ko RER Yuro 2.50 duk nisanta a cikin yankin Paris, bas da tram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titi) Yuro 2, tafiyar filin jirgi kuma Yuro 13. Farashin kan ɗan ƙaru a farkon shekara, amma lissafin da zan yi bai canja ba. A farashin 2025, zuwa da dawowa filin jirgi Yuro 26 ne; shiga Paris da dawowa na kwana huɗu Yuro 20; jimla 46. Katin sufuri na mako mai suna Navigo kuwa Yuro 31.60 ne a 2025, da Yuro 5 na katin kansa, wato 36.60, kuma ya haɗa da filin jirgin Charles de Gaulle da bas duka. Sai dai makonsa daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba daga ranar da ka saya ba, kuma daga Juma'a na mako mai zuwa ake sayarwa. Wanda ya iso Litinin ko Talata ya ci riba. Wanda ya iso Juma'a ya sayi katin Navigo Easy na Yuro 2 ya riƙa zuba masa tikiti. Katin makon yana buƙatar ƙaramin hoton fasfo da sunanka a rubuce a jiki, don haka ka zo da hoto daga gida. Kowane mutum da katinsa, kuma kada ka jefar da tikiti kafin ka fita, domin a RER da shi ake buɗe ƙofar fita. Tikitin jirgi ba ya aiki a bas.

Mai tunanin ɗaukar tasi daga filin jirgi ya sani cewa tsayayyen farashin nan da ake ambata na cikin birnin Paris ne kawai. Zuwa Sceaux mita ce ke lissafi, kuma sai an zagaye birnin gaba ɗaya daga arewa zuwa kudu.

Otal ba su da yawa a garin, mafi yawan baƙi ɗaki ko ƙaramin gida suke haya na 'yan kwanaki. Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu. Wace tasha ce ta fi kusa, Sceaux ko Robinson ko Bourg-la-Reine, domin garin a kan tudu yake, kuma minti 10 na hawa da akwati mai kilo 23 ba wasa ba ne. Hawa na nawa ne, kuma akwai lif? Mene ne lambar ƙofar waje, domin gidajen ba su da maigadi, lambobi ake dannawa, wani lokaci ƙofa biyu kowace da lambarta, kuma idan wayarka ta mutu da lambar a ciki to ka tsaya a titi. Ka rubuta ta a takarda. Na huɗu, akwai fanka? Yawancin gidajen ba su da na'urar sanyaya ɗaki, an gina su ne don riƙe ɗumi, ɗakin da ke ƙarƙashin rufi kuwa a watan Yuli yana dafa mutum. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, irin wanda mutanen Nijar suka saba da shi. Wanda ya taso daga Najeriya da caja mai ƙafa uku sai ya nemi adafta. Ruwan famfo ana sha. Kwandon shara mai murfi rawaya na kwali da roba da gwangwani ne, kwalba da wurinta daban. Shirun dare kuwa gaskiya ne: bayan ƙarfe 10 har takun wanda ke hawa bene kana ji, haka su ma maƙwabta suna jin hirarka ta waya da mutanen gida.

Zuciyar garin ita ce Rue Houdan, wadda wani sashenta na masu tafiya da ƙafa ne kawai. Akwai gidajen burodi, mai cuku, mai kifi, mai kayan lambu, kantin littattafai, da shagon cakulan na Patrick Roger wanda a nan garin ya fara. Kaya masu kyau ne, tsada kuma akwai ta, don gari ne na masu hali. Kasuwa tana ci Laraba da Asabar da safe, kafin ƙarfe 1 an fara kwashewa. Safiyar Asabar ita ce lokacin da za ka ga garin a raye: tsofaffi da kwandunan ja, iyaye da yara a keke, layi a ƙofar mai burodi har waje, kowa ya shiga ya ce "bonjour" kafin ya buɗe baki ya nemi wani abu. Kai ma ka yi haka. Bahaushe bai buƙatar a koya masa sallama, kuma a nan tana da irin nauyin da take da shi a gida. Wanda ya shiga shago bai gaisa ba zai ga fuska ta canja.

Ga inda agogon ke kama baƙo. Gidajen abinci suna ba da na rana daga ƙarfe 12 zuwa wajen 2, su rufe kicin, sai kuma wajen 7 ko 7 da rabi zuwa 10 na dare. Tsakanin nan sai burodi. Ranar Lahadi da rana kusan komai a rufe yake, Litinin ma ƙananan shaguna da yawa ba sa buɗewa. Wanda ya iso Lahadi da yamma ya sayi abin da zai ci tun daga Paris.

Ga Musulmi akwai ƙarin lura. Tsakiyar Sceaux ba wurin neman naman halal ba ne. An fi samun mahauta da gidajen abinci na halal ta wajen Bagneux, ko a Paris. A gidan burodi ka kula da kalmomin porc, jambon, lardons da saindoux, duk alade ne ko kitsensa, kuma ana saka su a abin da ba ka zata ba, kamar quiche (gashin ƙwai a cikin ɓawon fulawa) da wasu sanwici. A kayan zaƙi ka tambayi rhum da gélatine. Mafi sauƙi shi ne masauki mai kicin: ƙwai, kifi, shinkafa, kayan miya duk suna nan, yaji da kuɓewa da man ja kuwa sai Château Rouge, kusa da Gare du Nord, inda 'yan Afirka ke cefane. Ba za ka ji kiran salla ba, sai ka dogara da waya. Manhajar Mawaqit ita masallatan Faransa da yawa ke amfani da ita, tana nuna na kusa da kai da lokutansu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 ta faɗi, don haka ka tsara fitarka da wannan. Don Juma'a, Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 yana da sauƙin zuwa: ka sauka a Luxembourg ka taka kamar minti 20. Mata su san cewa ɗankwali da hijabi ba laifi ba ne a titi, amma dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a.

Abin da ya sa duk wannan wahala ta biya shi ne lambun Parc de Sceaux. Jean-Baptiste Colbert, ministan kuɗi na Sarki Louis na 14, ya sayi filin a 1670, ya ɗauko André Le Nôtre, wanda ya tsara lambun Versailles, ya tsara masa. Faɗinsa wajen kadada 180 ne, shiga kyauta. An rushe ainihin fadar da ke cikin lambun bayan juyin juya halin Faransa. Wadda ke tsaye yanzu, ta jan bulo da farin dutse, an gina ta tsakanin 1856 da 1862, kuma gidan tarihi ne, a rufe ranar Litinin. Cikin abubuwan zamanin farko da suka tsira akwai Pavillon de l'Aurore, ƙaramin gini mai ƙubba da Charles Le Brun ya yi wa zane, da Orangerie, ginin ajiye bishiyoyin lemo, da Jules Hardouin-Mansart ya gina a 1686.

Hanyar da na fi ba da shawara: ka shiga ta wajen cocin Saint-Jean-Baptiste a ƙarshen Rue Houdan, ka isa fadar, ka tsaya a bayanta inda ciyawa ta miƙe har ido ya gaji. Daga nan ka bi matakalar ruwa ka gangara zuwa tafkin Octogone mai kusurwa takwas, sannan ka bi gefen Grand Canal, wanda tsawonsa ya kai kilomita ɗaya, dogayen bishiyoyi a jere dama da hagu. Da safe ranar aiki ba kowa sai masu gudu da masu yawo da kare, ruwan a kwance kamar faranti, inuwar bishiyoyin a cikinsa. Zagayen yana cin awa biyu zuwa uku. Ka sa takalmi mai ƙarfi don hanyoyin tsakuwa ne da ƙasa, bayan ruwan sama suna caɓewa. Ka tafi da ruwan sha da abin taɓawa. Ana rufe ƙofofi da faɗuwar rana, lokacin yana canjawa da watanni, an kuma rubuta shi a kowace ƙofa. Ka karanta tun da za ka shiga. A watan Afrilu bishiyoyin ceri na Japan suna fure, masu ruwan hoda a kurmin arewa, farare a na kudu, kuma a ƙarshen mako jama'ar Paris kan cika wurin maƙil. Mai son ganinsu cikin natsuwa ya je Talata ko Laraba da safe.

Masu sha'awar kimiyya za su so sanin cewa a ofishin magajin garin nan aka ɗaura auren Pierre da Marie Curie a 1895, a maƙabartar garin kuma aka binne su kafin a mai da su Panthéon, inda ake binne manyan mutanen Faransa a Paris, a 1995.

Dawowar dare ita ce raunin masaukin. Jirgin ƙarshe yana wucewa ne jim kaɗan bayan tsakar dare, kuma ana yawan gyaran layin da dare ko a ƙarshen mako, sai a tsayar da jirage da wuri a sa bas a madadinsu. Ka duba manhajar Île-de-France Mobilités kowace safiya kafin ka fita. Idan layin ya tsaya, ka bi metiro mai lamba 4 zuwa Porte d'Orléans ka hau bas 128 mai zuwa Robinson, yana bi ta Sceaux. Bayan shi sai bas ɗin dare na Noctilien ko tasi. Da safe kuma, tsakanin 7 da rabi da 9, jirgin cike yake da ma'aikata da ɗalibai, ba lokacin shiga da manyan akwatuna ba ne.

Ranar komawa, ka tuna layin yana sake rabuwa a arewa, bayan Aulnay-sous-Bois. Jirgin da sunansa ya fara da E shi ke zuwa filin jirgi, mai I kuwa Mitry-Claye zai kai ka. Idan wanda ka hau a Sceaux mai I ne, ka sauka a wata tashar cikin Paris ka jira mai E a dandamalin da ka sauka. Filin jirgin tasha biyu gare shi, ta farko ta Terminal 1 da 3, ta ƙarshe ta Terminal 2, don haka ka duba tikitin jirginka tun kana gida. Ka bar Sceaux awa huɗu da rabi kafin lokacin tashi.