Na Faransanci ko na Hausa? Amsa ga mai neman littafin Kirsimeti na yara

Ƙanwata ina kwana, ya yara, ya sanyin ga da ya sauko mana. Na ga tambayarki tun jiya da dare amma na ce bari in natsu tukuna, don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce kina da yara biyu, ƙaramar shekara 4 tana jardan, babban shekara 8 yana aji uku a lakwal, rowa da faɗa sun yi yawa tsakaninsu, kina son ki sayo musu littafi mai hotuna na Kirsimeti da zai nuna musu abota da kirki, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin na Faransanci da ake kawowa daga Turai da ƙananan na Hausa da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi kuma duka biyun sun ratsa ta hannuna, to ga abin da na gani.

Bari in fara da hoto don shi yaro yake fara karantawa. Na Faransanci gaskiya sun iya zane, yawancinsu shafi 32 ne ko kusa da haka, rubutu kaɗan hoto ya cika shafi, kuma labarin cikin hoton yake tafiya. Akwai ɗaya da nake da shi, wani tsoho ne zaune shi kaɗai daren Kirsimeti, tagar kowa da haske tashi da duhu, wata yarinya ta hango shi ta ɗebi abinci a kwano ta tsallaka ta kai masa. Ko harafi ɗaya yaro bai sani ba zai gane, fuskar tsohon a shafin farko da fuskarsa a shafin ƙarshe sun isa. Ranar da na buɗe wa ƴan aji na, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta sa yatsa kan tagar nan mai duhu ta ce “malama wannan ba ya da kowa”, ban ce mata komi ba, ita ta gani da kanta. Wannan shi ne ƙarfin irin waɗannan littattafan, suna nuna kirki ana yin shi da hannu da ƙafa, ba a tsayawa a ce wa yaro ka zama mai kirki.

Na Hausa kuwa, waɗanda na riƙa samu dai, hoto ɗaya ne sai rubutu ya biyo baya da yawa, wani lokaci ma hoton baƙi da fari, kuma sau da yawa za ki ga zanen daga waje anka kawo shi, rubutun kawai anka juya zuwa Hausa, shi ya sa za ki tarar da Maryamu fara sol da jariri mai gashin masara. Kuma suna da son gama labari da wa'azi, shafin ƙarshe ya ce darasin da munka koya shi ne kaza. Yaro ɗan shekara 4 kafin ki kai wurin ya tashi ya bi kaza tsakar gida. A fannin hoto kam na Faransanci sun yi gaba, ba na ɓoye wannan.

Amma mi ke cikin hoton? Nan lissafi yake juyawa. Na Faransanci cike suke da ƙanƙara, itacen nan mai tsini da ake rataya wa fitilu, bututun hayaƙi bisa rufin ɗaki, da tsoho mai jar riga da farin gemu da suke ce wa Père Noël. Ba laifi yaro ya san duniya, al'adar itacen nan daga yankin Jamus da Alzas, can gabashin Faransa, ta fito tun ƙarni na 16, tasu ce kuma tana da kyau a wurinsu. Sai dai yaron Maradi watan Disamba abin da ya sani hunturu ne, hazo, kaushi da man shafawa, a hura wuta da safe a kewaye ta, sabon ɗinki, shinkafa da miya da naman kaza, waƙoƙin zumuntar mata har dare. In kinka buɗe littafin rabin lokacin zai tafi wajen bayani, mi ne ne wannan, don mi Père Noël zai shiga gida ta bututun hayaƙi bai yi sallama ba. Tambayar nan ta sallama wani yaro ya yi mini ita kuma da gaske yake.

Labarin haihuwar Yesu da ke cikin na Hausa kuwa, ko da zanen baƙo ne, rayuwar ciki tamu ce. Luka sura 2, anka yi ƙidaya kowa ya tafi garinsu, Yusufu da Maryamu sunka tashi daga Nazarat zuwa Baitalami, ba su samu wuri a masauki ba, ta haihu ta kwantar da shi cikin komin dabbobi, makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu da dare. Wane yaro ne a Maradi bai san komin dabbobi ba, bai san makiyayi ba, bai taɓa ganin baƙo ya iso gari da dare yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa ba? Wanda ya taɓa zuwa Tsibiri ko Danja ko Madarunfa hutu ya ga duk wannan da idonsa. Ba ki buƙatar bayani, tambaya ɗaya ta isa, da gidanmu sunka ƙwanƙwasa ina za mu sauke su? Sai ki ji amsoshi, wani ya ce zaure, wani ya ce ɗakin kaka, wata ta ce ita za ta ba da bargonta. To ai kirkin da kike nema ya fara fitowa daga bakinsu.

Wani abu a gefe, don babban naki zai iya tambaya. Jaki da sa da ake zanawa kusa da jaririn, Luka bai ambace su ba, al'ada ce ta daɗe, kuma ana danganta yaɗuwar shirya komin Kirsimeti da Faransis na Asisi, wani waliyyin Katolika, a shekarar 1223 a ƙasar Italiya. Haka masanan da sunka zo daga gabas a Matiyu sura 2, ba a ce su uku ne ba, kyautar ce uku, zinariya da lubban da mur. Ina faɗa wa manyan yara haka don su san abin da yake rubuce da abin da mai zane ya ƙara.

Yanzu maganar da ta fi damuna, Père Noël. Da yawa cikin na Faransanci labarin shi ne yaron da ya yi kirki zai tashi da safe ya tarar da kyauta. Ki duba wannan da idon unguwarmu. Ana gama Kirsimeti yara sun taru, ɗan gidan mai hali ya zo da keke, ɗan gidan da ko ɗinki ba a samu yi ba bana ya zo hannu wofi, kuma duk an karanta musu cewa mai kirki shi ake ba. Na taɓa ganin yaro ya yi shiru gefe guda bayan irin wannan karatu, da na matsa masa sai ya ce shi ma ai yana ɗebo wa mamansa ruwa kullum. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ga shi kuma yana koya wa yaro cewa kirki ciniki ne, ka yi a biya ka. In kin ga littafin duk a kan jiran kyauta yake, ki ajiye shi ko da hotunansa sun kai mi. Asalin Père Noël ɗin ma ba haka labarinsa yake ba, Nikolas ne, bishop na garin Mira a ƙasar da yanzu take Turkiyya, a ƙarni na 4, kuma abin da ake tunawa da shi shi ne taimakon matalauta a ɓoye ba tare da an san shi ne ba. In kinka samu littafin da ya bi wannan hanyar, yaro ne yake bayarwa ba jira yake a ba shi ba, wannan ki ɗauka.

Cikin na Hausa akwai wanda ba na Kirsimeti ba ne kai tsaye amma don maganar abota ban ga kamarsa ba, labarin Basamariye a Luka sura 10. Mutum yana gangarowa daga Urushalima zuwa Yariko ƴan fashi sunka yi masa duka sunka bar shi, firist ya wuce, Balawe ya wuce, sai wanda ba danginsa ba, ba a ma shiri da mutanensu, shi ya tsaya ya ɗaure masa raunuka ya ɗora shi kan dabbarsa ya kai shi masauki ya biya dinari biyu. Yara maza musamman suna son shi don akwai ƴan fashi ciki, kuma yana da daɗin yi a wasan kwaikwayo, zani ɗaya da sanda sun isa, babban ya zama jaki ƙaramar ta hau.

Sai harshe. Ƙaramarki ba karatu take ba, ke za ki karanta mata, don haka ko da Sinanci anka rubuta ba ruwanta, ki dubi hoton ki ba ta labarin da Hausa irin yadda kaka take ba da tatsuniya. Amma ki fara karanta shi ke kaɗai da dare, kar ki tsaya kina fassara kalma kalma gaban yara, daɗin yana gudu. Babban shi ne abin dubawa. A lakwal da Faransanci ya koyi haruffa, to in ya ɗauki na Hausa zai yi tuntuɓe, zai ga c ya karanta ta k ko s, zai ga u ya matse baki irin na Faransa, ga ɓ da ɗ da ƙ da wataƙila mushe bai taɓa rubuta masa su a allo ba. Kuma na Najeriya suna rubuta 'y inda mu nan muke sa ƴ. Kar wannan ya tsorata ki, kwana biyu uku kuna zama tare zai kama, kuma ranar da ya gane cewa abin da ke kan takarda shi ne abin da yake faɗa a gida, za ki ga fuskarsa. Tun 2025 ma Hausa ce anka ayyana harshen ƙasa a Nijar, bai kamata yaro ya girma a Maradi bai iya karanta ta ba. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932 yake, kakanninmu da shi sunka koyi karatu. Na Faransanci kuwa zai taimake shi a aji, wannan ma gaskiya ne, sai dai wasu kalmomin sanyi da abincin Turai ko ni sai na duba ƙamus.

Kuɗi ba dogon zance. Mai bango mai tauri a can Faransa yakan kai yuro 12 zuwa 15, yuro ɗaya kuwa kusan sefa 656 ne, kin ga jika 8 zuwa 10 ke nan tun ba a sa kuɗin kawowa ba. Na Hausa da wannan kuɗin za ki sayi da dama har ki ba wasu. Amma takardarsu sirirya ce, da ƴar waya anka ɗinke tsakiya, wata ɗaya a hannun yara bango ya fita, sai kin sa masa leda da sikoc tun ranar farko kuma ki ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Na Faransanci yana shekaru, nawa ya ratsa aji bayan aji yana nan. Ki leƙa wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kasuwa, wani lokaci ana dace da na hannu da arha.

Akwai kuma ƴaƴan maƙwabta, don na san gidanki kamar nawa ne, ba ya rabuwa da yaran unguwa kuma yawancinsu Musulmi ne. Mu kai musu shinkafar Kirsimeti su kawo mana naman layya, haka munka taso. Labarin yarinya da tsoho ko na Basamariye kowa zai iya zama ya ji. Na haihuwar Yesu kuwa ni sai na fara yi wa uwar yaro magana, don duk da suna girmama Annabi Isa da Maryamu, har sura guda ce da sunanta a Alƙur'ani, akwai inda munka bambanta, kuma da yawa ba sa son a zana annabi. Gara ta ji daga bakina ta ce to ko a'a da yaro ya koma gida da zancen da zai sa ta ji an zagaye ta.

To in ni ce ke, ƙaramar zan nemo mata na Faransanci guda ɗaya, na hannu in an samu, mai rubutu kaɗan, wanda wani yake ba wani abu ko yake buɗe wa wani ƙofa, in ba ta shi da Hausa. Babban in saya masa na Hausa biyu, haihuwar Yesu da Basamariye, in ce shi zai karanta wa ƙanwarsa kowane dare shafi biyu kafin ranar 25, ita kuma ta riƙa buɗe masa nata tana gaya masa abin da ke cikin hoton. In kuwa ɗaya tak za ki iya, ɗauki na Hausa, ki ba su fensir mai launi su zana nasu komin da tumakin gidanku a kewaye.

Littafin tsohon nan yana wurina, ran Lahadi in an tashi sujada ki tsaya zan zo miki da shi ki gwada da ƙaramar mako ɗaya kafin ki kashe kuɗinki.