Zaman iyayen da suka rasa 'ya'ya a Garwa: inda ya yi amfani da inda ya gaza

A wata unguwa ta Garwa, a arewacin Kamaru, da ke gangarawa zuwa kogin Binuwai, akwai iyalin da suka buɗe tsakar gidansu ga iyayen da suka binne 'ya'ya, bayan su ma zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke musu 'yarsu a tsakiyar damina. Ba su kafa allo a ƙofa ba, ba sa karɓar ko dala daga hannun kowa, kuma ana zama ne ranar Asabar bayan la'asar har zuwa kiran magariba. Na san wurin ne ta dalilin ƙanwata, wadda na riƙa rakawa bayan rasuwar ɗanta na fari. Ra'ayina a kai shi ne hidima ce mai amfani ƙwarai ga uwa, mai ƙarancin amfani ga uba, kuma kuskure ne a ɗauke ta a madadin asibiti.

Ba wanda zai ce al'adarmu ta gaza wajen ta'aziyya. Ana cika gida, ana kawo abinci, ana sadakar uku da bakwai da arba'in. Sai dai idan mamacin ƙaramin yaro ne, makokin gajere ne: a ce wa uwa Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye, kafin mako ya zagayo kowa ya koma harkarsa, ita ma ana jiran ta koma murhu. In ɗan fari ne, kunya ta riga ta hana ta kiran sunansa tun yana raye, balle ta yi kukansa a gaban surukai, kuma maƙwabtanmu Fulani, waɗanda muka cuɗanya da su har tarbiyyarmu ta zama kusan ɗaya, suna auna mutuncin mace da irin daurewar da ta nuna a ranar. In rashin ya maimaitu sai a fara raɗe-raɗin wabi, a sa wa na baya Ajuji ko Ayashe ko Barmani, matar kuma ta zama abin nuni a gidan suna. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna yara 80 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma a jihohin arewacin ƙasar abin ya fi haka muni. Yawan rashin shi ya sa muka daina ganin girmansa, kuma wannan gurbin ne zaman Asabar ya zo ya cike.

Tsarin zaman ba shi da wani ƙawa. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, a kawo shayi da makala, wato fanke, uwar gidan, wadda babba da yaro suke kira Goggo, ta buɗe da addu'a gajeriya. Daga nan kowace mace ta faɗi sunanta da sunan ɗan da ta rasa. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi ganin tasirinta. Da layi ya zo kan ƙanwata sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, na fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba." Goggo ba ta matsa mata ba, ta ce, "'Yata, a nan babu surukarki, in kin ga dama ki faɗa yau, in kin ga dama wata Asabar." Sai da aka yi nisa da magana, wata tana ba da labarin 'yarta, ƙanwata ta katse ta ba da niyya ba ta ambaci sunan, har sau biyu, tana murza bakin mayafinta. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri, aka miƙa mata ruwa kawai aka bar ta ta gama.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne: ba a gwada rashin wata da na wata, abin da aka faɗa a tabarma ba ya fita ƙofa, kuma ba a tambayar uwa dalilin da ya sa ba ta kai yaron asibiti da wuri ba. Ana magana da Hausa da Fulatanci, wadda ta fi sakewa da Faransanci kuma a fassara mata, domin akwai Kiristoci daga cikin masu zuwa, kuma ban ga an bambanta su a zama ko a kulawa ba.

Yadda suke riƙe ɓangaren addini ya burge ni, domin a nan ne irin wannan taro ya fi saurin rikiɗewa zuwa wa'azi. Wani malami yana zuwa jefi-jefi, kuma ba ya tsawaitawa. Yakan tunatar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Yakan kawo hadisin gidan da ake gina wa bawan da ya gode wa Allah bayan an karɓi ran ɗansa, wanda ake kira Baitul Hamdi. Da yawa daga cikin matan sun zo ne da tsoron cewa kukansu jayayya ce da ƙaddara, kuma jin bambanci tsakanin hawaye da kururuwar da shari'a ta hana ya sauke musu nauyin da suka daɗe suna ɗauke da shi.

Inda wannan iyali suka fi cancantar yabo shi ne kulawarsu da matan da suka haifi jariri babu rai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta irin wannan haihuwa kusan miliyan 2 a shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, amma a wurinmu ba suna, ba makoki, wani lokaci ma a binne kafin uwar ta farfaɗo ta gan shi. Ta dawo gida da ciwon haihuwa, nono yana zuba, kayan jariri suna ninke a akwati, ba mai barka kuma ba mai gaisuwa. Goggo da wasu dattijai biyu sukan je gidan irin wannan mace ba sai ta zo ba, su taya ta wankan jego kamar kowace mai jego, su tambaye ta ko tana da sunan da ta yi niyyar sa masa, su kuma yi magana da miji da surukar a kan kada a tattara kayan a ɓoye ba da saninta ba. Ban san wani wuri a garin nan da ake yin haka ba tare da an biya ba. Tunanin kansa ba sabo ba ne a duniya, domin ƙungiyar Compassionate Friends ta faro ne a Ingila a 1969 bayan wani limamin coci mai aiki a asibiti, Simon Stephens, ya haɗa iyalai biyu da suka rasa 'ya'yansu maza, ya lura suna yi wa juna abin da shi ya kasa. Na Garwa sun iso ga wannan fahimta ta hanyarsu.

Gazawa ta farko ita ce iyaye maza. An ware musu zaure tare da maigidan, amma cikin ɗan lokaci hirar takan koma kan farashin auduga da masara ko wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, kuma ba wanda yake da ƙarfin halin mayar da ita kan abin da ya tara su. Mijin ƙanwata ya daina zuwa, ya ce irin wannan hira yana samunta a bakin kasuwa. Uban da ya ɗauki gawar ɗansa a tabarma zuwa maƙabarta yana buƙatar mai jagorantar zama wanda zai yi masa tambaya kai tsaye, kuma har yanzu ba su samu ba.

Ta biyu ita ce bayanin lafiya da wata ma'aikaciyar jinya take yi a ƙarshen wasu zaman. Abin da take faɗa gaskiya ne kuma yana ceton rai: gidan sauro, maganin kariya da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta riga kowace ƙasa sakawa cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024. Amma uwar da zazzaɓi ya kashe wa ɗa, kuma ta gama kuka yanzun nan, takan ji shi kamar tuhuma. Na ga wata ta miƙe ta sa takalmi ana tsakiyar bayanin. Da an ware masa rana dabam da ya fi.

Ta uku ta fi nauyi. Babu ƙwararre a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a cikinsu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa ciwo ne mai buƙatar magani. Matar da ta daina ci da barci, ko ta fara cewa gara ta bi ɗanta, shayi da addu'a ba su isar mata ba, kuma na so a ce suna da likitan da suke tura irinta gare shi kai tsaye maimakon shawarar baki. Akwai kuma nisa: matan Pitowa da Lagdo da ƙauyukan kewaye, inda rashin ya fi yawa, kuɗin mota ya fi ƙarfinsu, rukunin WhatsApp da aka buɗe musu kuwa ya cika da hotunan gaisuwar Juma'a.

Duk macen da take cikin Garwa, aka gama arba'in gida ya yi shiru, ina ba ta shawarar ta je, kuma ta tafi da 'yar'uwar da ta yarda da ita a karon farko, domin komawa gida bayan zaman yana da wuya. Wadda alamunta suka kai waɗanda na ambata, a fara kai ta asibiti tukuna.