Kafin ka biya kuɗin manhajar karɓar koke, gwada sauya wa tikiti rukuni

Jama'a duk mai shirin ɗaukar manhajar da ake rubuta koken kwastoma a ciki, abu ɗaya nake so ya fara gwadawa kafin ma ya tambayi farashi: ya buɗe tikiti, wato koken kwastoma guda da aka shigar a manhajar, a rukuni ɗaya, ya cike duk guraben fom ɗin, sai ya mayar da shi wani rukunin ya ga abin da zai faru. Ni a nan aka ƙona ni.

Muna da ɗan kamfani a Sabon Gari, muna haɗa wa mutane intanet da sola. Wata Hajiya a Samaru ta kira tace intanet ɗinta ya mutu, yarinyar da ke karɓar waya ta sa shi a rukunin intanet, nau'in na'ura ta zaɓi rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet. Can aka gano inbata ce ke kashe kanta, aka mayar da tikitin rukunin sola, to ashe gurbin na'ura yana nan a rauta, sunan ma'aikaci ma bai sauya ba, shikenan yaronmu ya ɗauki sabuwar rauta a kwali ya hau keke napep ya wuce Kwangila har Samaru cikin ranar nan, yana sallama Hajiya tace "Malam ni batir nake jira, wannan kuma na mene ne?" Ƙarshen wata oga ya duba rahoto yaga rauta ce ke yawan lalacewa, saura kaɗan ya yi odar kwali guda. Manhajar ba zan kira sunanta ba, dama wani ne ya kawo mana ita.

Yadda abin yake a irin wannan manhajar, tikiti yana ajiye duk abin da aka taɓa cikewa, sauya rukuni fom ɗin da kake gani kawai yake sauyawa, tsohon bayani ya ɓuya a ƙasa yana jiran ranar rahoto. Wani lokacin kuma ƙa'idar da ke tura tikiti ga ma'aikaci sau ɗaya take aiki, lokacin buɗewa.

Ni dai GLPI na koma, kuma ba na ɓoyewa ita ce tawa. 'Yan Faransa ne suka yi ta, kyauta ce, kana ɗora ta a kan sabarka, wato kwamfutar da zata riƙe manhajar da bayananta. Kowane rukuni zaka iya ɗaura masa nasa samfurin fom, ka ce wannan gurbin dole a cike, wannan a ɓoye, wannan ya zo a cike. Amma abin da ya saye ni shi ne ƙa'idojinta, kana iya cewa su yi aiki lokacin buɗe tikiti ko lokacin gyara shi ko duka biyun, saboda haka na saita duk sanda rukuni ya koma sola tikitin ya tafi wajen masu sola ba sai wani ya tuna ba. Ga shafin tarihi, wane ne ya taɓa, ƙarfe nawa, me ke wurin da, me ya koma. Tunda muka fara amfani da shi gardamar "ba ni bane oga" ta mutu a ofis. Kayan aiki ma tana ajiye lissafinsu, sai ka liƙa ainihin inbatar da tikitin maimakon zaɓa daga jeri. Fuskarta kam ba kyau, kuma saitin zai cinye maka Asabar biyu, sannan sai da wuta tsayayya idan sabar a ofis take, mu dai masu sola ne.

osTicket ma kyauta ce kuma ta fi sauƙi, sai dai in ka sauya maudu'in tikiti kai zaka bi fom ɗin ka gyara da hannu. Zendesk mai kyau ce amma da dala ake biya kan kowane ma'aikaci, na wuce. Freshdesk tana da gurabe masu hawa uku da ke bin juna, ba laifi. Zoho Desk tana barin mutum 3 kyauta, in ku uku ne ku gwada. Jira Service Management ta manyan kamfanoni ce, ina ruwan biri da gada.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai samarin da ke yawo ofis ofis da laftof, su ɗauko irin waɗannan na kyautar su cire tambari su sa nasu, su ce su suka ƙirƙira, lasin na har abada. Kuɗin ɗorawa da saiti halal ne, a biya mutum guminsa, amma ya faɗi gaskiyar abin da ya ɗora maka. Wasu kuma fasasshiyar manhaja suke saukowa da ita, wadda ba a sabunta ta, ba ka san me aka cusa a ciki ba, alhali lambobin wayar kwastomominka da adireshin gidajensu ne zasu zauna a ciki. Mafi muni shi ne wanda zai ɗora ta a asusunsa, da sunansa, ya baka kalmar sirrin ƙaramin ma'aikaci ya riƙe ta babban, ranar da kuka saɓa a kan kuɗi ya daina ɗaga waya, kai da bayananka sai a lahira. Namu haka ya yi, sati uku muna rubuta koke a littafin sittin-sittin. Ka tambaye shi sunan manhajar na asali da lambar fitowarta, ka sa ya sauke maka duka bayanan a filashi a gabanka, in ya fara "ai Alhaji wannan sirrin kamfani ne" ka raka shi bakin ƙofa.

Kuma kar ka yarda ya nuna maka gwaji da tikitin da ya shirya daga gida. Karɓi linzamin kwamfutar da hannunka, sauya rukunin sau biyu, dawo da shi na farko, sannan ka fitar da rahoto a Excel ka duba gurbin da ya ɓace daga allo ko har yanzu yana ɗauke da rauta.