Logainm.ie: rumbun sunayen wuraren Ayalan da abin da ba ya yi

Mai neman asalin sunan wani gari a Ayalan ba shi da mafari da ya fi logainm.ie. Shafin intanet ne na kyauta. An buɗe shi a 2008, haɗin gwiwar Jami'ar Birnin Dablin da sashen gwamnati mai kula da sunayen wurare. Ka rubuta suna da Turanci ko da Gelik, harshen gargajiya na Ayalan, ya fito maka da ɗan'uwansa, da taswira, da gundumar da wurin yake. Wasu sunayen har da murya, ka ji yadda ake furta su.

Inda ya fi amfani shi ne wajen hana mutum yin kirdado. Sunayen Turancin nan yawanci abin da kunne ya ji ne aka rubuta, ba fassara ba, shi ya sa kalmomi biyu kan narke su koma ɗaya. Dubi “Kil”. A Kilkenny daga cill ta fito, wato coci, domin asalin sunan Cill Chainnigh ne, cocin waliyyi Cainneach. A Kiltimagh kuwa coillte ce, kurmi ke nan, Coillte Mach. Rubutun Turanci ba zai taɓa raba maka su ba. Rumbun yana jero tsofaffin rubuce-rubucen sunan da shekarunsu, wani lokaci da hoton katin da masu bincike suka cika, har da abin da masanin Gelik John O'Donovan ya rubuta a aikin safiyo na shekarun 1830. Ko Dablin ɗin ma sunayenta biyu ba su da dangi: na Turanci daga Dubh Linn ne, baƙin tafki, amma mai jin Gelik Baile Átha Cliath yake cewa.

Wurin da sabon shiga ke tuntuɓe nahawu ne. Farkon suna yakan sauya a cikin jumla. Corcaigh ita ce Cork, amma “a Cork” sai ya zama i gCorcaigh, gundumar kuma Contae Chorcaí. In ka tsinci suna a tsakiyar rubutu, mayar da shi siffarsa ta asali kafin ka nema. Ka kuma riƙe sunan gunduma a hannu, don ƙananan yankunan karkara sun haura 60,000, kuma masu farawa da “Bally” sun yi ta maimaita juna. Duba ko an nuna cewa an tantance sunan, tunda ba duka aka kammala ba.

Yana da gibi. Ba kowane suna aka bayyana ma'anarsa ba, wasu bayanan kuma da Gelik suke. Ba ya taɓa Sukotland. Mai son ganin Inverness ta zama Inbhir Nis sai ya nufi Ainmean-Àite na h-Alba, rumbun sunayen wuraren Sukotland.

Tarihin rayuwar mutanen da suka yi wa Gelik hidima kuwa aikin shafin ainm.ie ne, kuma Gelik zalla yake yi. Za ka sami shugaban ƙasar Ayalan na farko, Douglas Hyde, a matsayin Dubhghlas de hÍde, amma tarihin daga 1560 ya soma, don haka Brian Boru, sarkin Ayalan da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, ba ya ciki.