Wasiƙa daga Liyon: permi da ƴar fitilar juyawa

Ƙanena, bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Yaya zafin Tawa? Ka ce in ba ka labarin permin Faransa tunda kai ma za ka shiga makarantar tuƙi. To gyara zama.

Ka san shekara 9 na yi ina jan taksi a Yamai, daga Wadata zuwa Katako har ƙetaren gadar Kennedy. Amma a nan permin gida shekara 1 kaɗai yake aiki bayan ka samu takardar zama. Na yi sakaci shekarar ta wuce, sai ga yayanka ya koma ɗalibi tare da ƴan shekara 17.

Kod, wato jarrabawar dokokin hanya, bai wahalar da ni ba: tambaya 40, ka ci 35, kuɗinsa yuro 30, wajen jika 20 ke nan. Tuƙin ne ya ci aljihu. Doka ta ce aƙalla awa 20 da malami in motar mai giya ce, ni kuwa kowace awa yuro 50 na biya, kusan jika 33. Duk awar da ta wuce sai in tuna cefanen Inna.

Ranar jarrabawa minti 32 ne, mai dubawa na gefenka, malaminka na baya ya ja bakinsa ya yi shiru. Maki 31 ne duka, ana neman 20. Kilinyota, wato fitilar juyawa, ba ta da gurbi nata na kanta. Tana cikin abin da suke kira sadarwa da sauran masu hanya, mai maki 3. Ka manta da ita sau ɗaya inda babu haɗari, a rage maka. Amma akwai kuskuren da ke zubar da komai, ko da ka tara 30.

Shi na yi a karon farko. Zan sauya layi zuwa hagu, na kunna kilinyota lafiya lau, na karkata kamar yadda na saba a Yamai, inda kunna fitila ke nufin "ku ba ni wuri, na taho". Ashe akwai mai babur dab da ƙofar baya, inda madubi ba ya nunawa. Mai dubawa ta riƙe sitiyari. Da hannunta ya taɓa shi na san an gama, ko da yake ba ta ce uffan ba. Ba a faɗa maka nan take, sai bayan awa 48 ka duba a intanet.

Malamina ya ce tsarin shi ne: madubi tukuna, sai kilinyota, sai ka waiga ta kafaɗa, sannan ka motsa. Fitilar sanarwa ce kawai, ba ta ba ka hanya. A shatale-tale kuma sai ka wuce mafitar da ke kafin taka sannan ka kunna ta dama. Awa 5 na ƙara a kan wannan kaɗai. Karo na biyu na fita da 26.

Ko bayan ka ci ba a sake ka ba. Sabon permi maki 6 gare shi, sai bayan shekara 3 babu laifi ya cika 12. Juyawa ba kilinyota tarar yuro 35 ce, wajen jika 23, kuma a cire maki 3. Sau biyu ka yi a shekarar farko, permi ya tafi.

Kada ka ce na raina gida. Direban Yamai da ke karanta idon ɗan kabu-kabu da kunnen jaki yana da ilimin da ba a koyarwa a nan, kuma na yi kewar hannun da ake fiddawa ta taga a ce bismilla wuce. Sai dai mu madubinmu na gefe sau da yawa ado ne, in ma yana nan.

In ka fara koyo, ka sa malamin ya tsaya maka kan waiwayen nan. Kuɗin rajistarka zan turo ƙarshen wata. Ka gaida Baba, in an samu mai tahowa a aiko mini da kilishi.