Faifan A Naifa na farko: jitar Fotugal tare da kiɗan na'ura

Faifan Canções Subterrâneas, wanda rukunin A Naifa na ƙasar Fotugal ya fitar a 2004, ya cancanci masu sha'awar kiɗa a Yamai su saurare shi a natse, musamman samarinmu da ke kwana a situdiyo suna haɗa kiɗa da kwamfuta. Mutum huɗu ne suka yi aikin: Maria Antónia Mendes ke waƙa, Luís Varatojo ke kaɗa jitar Fotugal, João Aguardela na riƙe da jitar bas, Vasco Vaz kuma yana kan ganguna. Tushen salonsu shi ne fado, waƙar bege da kewa ta tsofaffin unguwannin Lisbon irin su Alfama da Mouraria, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2011.

Abin da ya fi burge ni shi ne girman da suka ba jitar nan tasu ta gargajiya mai tsirkiya 12. Sautinta siriri ne, mai kaifi, kuma ba wuya na'ura ta danne shi, amma sai suka ajiye bugun na'urar a ƙasa yana tafiya a hankali, suka bar jitar da muryar mawaƙiyar a gaba, har mai sauraro yana jin yadda kowace tsirkiya ke karkarwa kafin sautinta ya mutu. Muryar ma ba a lulluɓe ta da gyaran kwamfuta ba, kuma baitocin na marubuta waƙoƙin Fotugal ne na wannan zamani.

A nan gida sau da yawa akasin haka nake ji, kuma abin yana damuna ƙwarai: a sallami mai kalangu da mai gurmi, a ce fiyano zai yi aikinsu, sai waƙa ta fito sumul amma ba ta da gishiri. Alhali ba yau muka san na'ura ba, domin tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan lantarki a gidan rediyon ƙasa a nan Yamai, kuma duk wanda ya ji shi ya san kiɗan ƙasar nan ne.

Faifan bai rasa rauni ba. Yawancin waƙoƙin yanayinsu ɗaya ne, mai nauyi da sanyin jiki, don haka wanda ke neman kiɗan biki ya nemi wani, kuma wanda ba ya jin harshen Fotugis zai rasa daɗin baitocin. A lasifikar salula kuwa bas ɗin Aguardela, wanda ya rasu a 2009, ɓacewa yake yi kusan gaba ɗaya, saboda haka a saurare shi da abin sawa a kunne ko da babbar lasifika.